Igiyar Ragon Yaya

Ragon da na yi layya da shi a shekarar da aka hana fitar da dabbobi waje, ragon yayata ne. Ni na saye shi da hannuna a kasuwar dabbobi ta Damagaram, na yi kwana uku ina murɗe wuyan cinikinsa, kuma ban san nata ba ne sai da na kai mata cinyarsa a gashe. Na fara da wannan ne don kada wani ya zaci labarin gwaninta zan bayar. Ni kaina idan na tuna yadda na riƙa washe baki a wannan makon, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yaya ita ce babbarmu, ni ne auta. Innarmu ta rasu ban gama wayo ba, Yaya ce ta goya ni, ita ce kuma ta tsaya kai da fata sai an bar ni a lakwal, wato makarantar boko, lokacin da dangi suka so a mayar da ni gona. Aure ya kai ta wani ƙauye a ƙasar Garagumsa. Da mijinta ya rasu aka yi aka yi ta dawo gida, ta ce ba inda za ta, ɗakinta ɗakinta ne. Ba ta da gona mai yawa, ba ta da ɗa namiji. Abin da ya riƙe ta shekara da shekaru shi ne rago ɗaya. Kowace shekara bayan Babbar Sallah takan sayi ɗan rago balami mai ƙashi, ta ɗaure shi a turke a gindin itacen bedin da ke tsakar gidanta, ta tanadi harawa da dusa tun da kaka suna arha, ta yi ta ɗura masa da ruwan tsari da kanwa wata tara ko goma. Idan Sallah ta matso, fataken Najeriya sukan zo kasuwar Kundumawa da manyan motoci, su ne masu sayen irin wannan rago da daraja. Abin da ta samu shi ne geronta, shi ne maganinta, shi ne kuma ɗan ragon baɗi da abincinsa. Ragon bana ke haifar na baɗi. Ranar da ɗaya ya karye mata, kiwon ya ƙare ke nan, don ba ta da wani abin da za ta tayar da shi.

Akwai kuma maganar igiya. A wajenmu ba a sayar da dabba da igiyarta. Mai saye ya zo da tasa, mai sayarwa ya kwance tasa ya koma da ita gida, don an ce arzikin kiwo a igiya yake, wanda ya sallama ta ya sallama sa'arsa. Malamai su yi ta cewa camfi ne, ba wanda ya musa musu, ba kuma wanda ya daina. Igiyar Yaya ta rama ce, ta naɗe wajen wuyan da tsumman shuɗin zane don kada ta goge wa rago gashi. Asalinta ta Innarmu ce. Ba wai ita ce ta kai har yau ba ta tsinke ba, a'a, duk lokacin da za a tufka sabuwa sai Yaya ta warware sili ɗaya daga tsohuwar a murɗa shi a ciki. Duk wannan na san shi tun ina yawo ba wando. Birni ne ya sa na ajiye shi a wani lungu na kaina.

Ni kuwa a lokacin na daɗe ina mushen lakwal, wato malamin makaranta, a Damagaram, ina haya a Sabon Gari. Wanda bai taɓa zama ma'aikaci mai albashi ba bai san azabar watan layya ba. Ka je kasuwa ka taya rago, dillali ya dube ka sama da ƙasa ya ce, “Mushe, wannan ba naka ba ne, na masu mota ne.” Ka ƙare da wani ɗan tsurut mai kama da kare, ka shigo da shi unguwa ta bayan layi. Haushin fataken nan ya daɗe yana cina. Don haka ranar da rediyo ta ce gwamnati ta hana fitar da dabbobi ƙasar waje, don talaka ya samu abin layya, saura 'yan makonni Sallah, sai da na tashi tsaye na yi tafi ni kaɗai a tsakar gida. Washegari a lakwal ni ne mai fashin baƙi. Na ce wannan shi ne mulki, dukiyar ƙasa ta tsaya a ƙasa, wanda ya ƙi ji ya je ya tambayi duwan, wato 'yan kwastan, a kan iyaka. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Maiɗakina ce kaɗai ta zuba mini ruwan sanyi. Tana tankaɗe ta ce, “Malam, to Yaya fa? Ba su ne masu sayen ragonta ba?”

Na ce, “Ke dai yi tankaɗenki. Yaya ta fi ni da ke sanin kan kasuwa, na tabbata ta sayar tun tuni.”

Ban tabbata ba. Rabona da ƙauyen ya fi shekara. Waya tana aljihuna, akwai maƙwabcinta da ake kira a haɗa mu, amma ban kira ba. Yanzu na san dalili: ba na son jin abin da zai ɓata mini murna.

Abin da na tarar a kasuwar dabbobi ban taɓa ganin irinsa ba. Raguna sun cika filin sun tumbatsa har bakin kwalta, balami da uda da ara-ara, irin waɗanda a da sai dai mu hango ƙahonsu a saman mota sun nufi kudu. Masu su na zaune jugum a kan buhunan harawa. Ba mai yi maka kallon raini, kai ake bi ana cewa, “Alhaji, zo ka taya.” Ni da ko filin jirgi ban taɓa takawa ba na zama Alhaji a yini ɗaya.

Akwai wani dattijon dillali, mutumin Takieta, wanda kullum a hannunsa nake saye, ya san iyayenmu, ya san Yaya. A bayansa na hango ragon. Fari fat, ba ƙaho, wuya kamar turmi, gashi a wanke har yana ɗaukar ido. Na dafa gadon bayansa hannuna ya nutse. Na nufe shi kai tsaye, dattijon kuwa sai ya sha gabana yana nuna mini wasu.

“Mushe, ga wannan uda, daidai kai. Bar wancan.”

Wannan kalmar ta “daidai kai” ita ta tunzura ni. Na ce a raina, wato har yau ma ba a ga na isa ba? Na ce wancan nake so. Ya faɗi kuɗinsa, na yi dariya, na taya shi abin da ko a bara ba zai sayi tunkiya ba. Ya ce albarka, bai ko dube ni ba. Na yi tafiyata hankali kwance, don na san abin da ya sani: ƙofar kudu a rufe take, ragon ba shi da wurin zuwa, kuma kullum ya kwana sai ya ci.

Kashegari na dawo, raguna sun ƙaru, farashi ya ƙara zubewa. Na ɗan ƙara abin da bai taka kara ya karya ba. Ya ce albarka. Rana ta uku jajibiri ce, na bari sai da la'asar ta yi sanyi, lokacin da masu dabbobi suka fara kallon hanya suna tunanin kuɗin motar mayar da su. Ragon yana nan. Ya ɗan faɗa, ya ƙi cin harawar da aka zuba masa.

Dattijon ya jawo ni gefe ya rage murya. “Mushe, ka ji tsoron Allah a kan ragon nan. Na mace ne, gwauruwa, ba ta da kowa sai shi. Kasuwa biyu yana Kundumawa ba wanda ya taya, shi ya sa na ɗauko shi nan. Abin da ka taya ko dusar da ya ci bai biya ba.”

Wallahi ga abin da na ce masa, ba zan rage ko kalma ba. Na ce, “Baba, a bakinku dillalai kowane rago na gwauruwa ne. Shekara nawa kuna gasa mu? Bana kuma mu ne da wuƙa. In ta ƙi, ta zo ta kai shi Najeriya mu gani.”

Ya dubi ragon, ya dube ni. Sannan ya ce, “An sallama.”

Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Na zo ba igiya, ga masu sayar da igiya nan birjik a bakin kasuwa, kuɗinta bai kai na goro ba. Amma wanda ya ga ta faɗi gasassa ba ya ƙoshi. Dattijon ya sunkuya zai kwance ta wuyan ragon, na riƙe hannunsa na ce har da igiya na saya, in ba haka ba a fasa. Ya ɗago a firgice kamar na zage shi.

“Igiya, Mushe? Kai ɗin? Kai ba ɗan ƙauye ba ne?”

Na ce wannan camfin mutanen da ne, ni na yi karatu. Ya ce shi ba shi da ikon ba da ita, sai ya tambayi mai abu. Ya koma bayan wata mota da wayarsa, ya jima, ina tsaye ina karkaɗa makullin babur. Da ya dawo bai haɗa ido da ni ba. Ya miƙo mini bakin igiyar ya ce, “Ta ce a bar maka.” Ko la'adarsa sai da na tuna masa. Tsumman shuɗin zanen yana nan a wuyan ragon, hannuna a kansa tun daga kasuwa har gida, ban gan shi ba. Idona yana kan mutanen unguwa, don ta babban layi na shigo da shi a wannan shekarar.

Aka yi Sallah. Aka yanka, aka feɗe, aka buɗe shi a kan itace aka jingina ga wuta tare da na maƙwabta kamar yadda muke yi, nawa ya fi na kowa faɗi, kitse yana ɗiga yini guda. Duk wanda ya wuce sai na ba shi labarin cinikin. Washegari ranar rabo, na cire cinya guda sukutum na ce ta Yaya ce, bana da kaina zan kai mata, ta ga autanta ya zama mutum. Maiɗakina ta naɗe ta a takardar siminti ta sa a buhu. Na nemi abin da zan ɗaure buhun a bayan babur, sai ga igiyar ragon a yashe a gindin garu. Na ce ka ga amfanin wayo.

Na isa ƙauyen da hantsi. Tun daga bakin gari na ga abin da ban fahimta ba a lokacin: gida bayan gida ga manyan raguna a ɗaure, bayan Sallah, waɗanda aka kai kasuwa aka dawo da su. Garin shiru kamar ba a yi idi ba. Yaya ta fito da murna, ta rame, ta shimfiɗa mini tabarma a gindin bedi, ta kawo fura. Muka gaisa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Na ga ba rago a tsakar gidan, har turken ma an tuge shi an jingine a bango, sai na ce a raina, ka gani, na faɗa, ta sayar tun tuni. Ban tambaya ba. Bakina yana ƙaiƙayi, na kwashe labarin cinikina kaf na zuba mata, da kwana ukun, da jiran la'asar, da maganar gwauruwa, har ina kwaikwayon muryar dattijon. Tana saurare tana murmushi kaɗan, tana tsince wani abu a bakin tabarma.

Na ce bari in sauko mata da tsarabarta. Ta ce in zauna in huta, ta tashi da kanta ta je wajen babur. Ina kallonta ta baya. Ta kai hannu ga ƙullin, sai hannun ya tsaya. Ta kwance igiyar a hankali, ba ta ko dubi buhun ba, ta naɗe ta a gwiwar hannu kamar yadda na sha ganin tana yi, ta shafa wajen shuɗin tsumman da babban yatsa. A nan ne na gan shi. Na dubi tsumman, na dubi turken da ke jingine, na dubi ramin da ya bari a ƙasa kusa da ƙafata. Na ajiye kwanon furar.

Na ce, “Yaya.” Ta juyo. “Yaya, ina ragonki?”

Ta ce, “Ga cinyarsa ka kawo mini, Auta.”

Innalillahi. Ban san lokacin da na miƙe ba, ban kuma san inda zan nufa ba, na koma na zauna. Kunya da tsoro suka rufe ni lokaci guda. Duk maganar da na yi a kasuwa ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya, ga shi yanzun nan na maimaita mata su a tsakar gidanta, ina dariya. Na ce tsohon dillalin nan ya cuce ni, me ya hana shi faɗa mini?

“Ni na hana shi. Tun ranar farko ya kira ya ce ƙanenki ya maƙale wa ragon. Na ce in ya faɗa maka ban yafe ba.”

Wannan ta fi ta farkon dukana. Ashe duk kwana ukun nan ta sani. Na ce don me, Yaya, don Allah don me?

“To in ka sani fa? Ko ka biya abin da ba ka da shi, ko ni in ji kunya in ba ka kyauta. Kowanne aka yi, layyarka ta shiga wani hali. Kuma ba kai ka rufe hanya ba. In ba kai ba wani ne, gara naman ya shiga cikin 'ya'yanmu.” Ta dubi igiyar da ke hannunta. “Igiyar ce dai ban zata daga gare ka ba. Amma da ya ce ka nace, sai na ce to, Allah ne ya nuna mini kiwon ya ƙare. Abin da aka kawo mini ba ya sayen ɗan rago da abincinsa. Igiyar me zan ajiye?”

Na rantse mata zan cika kuɗin har abin da fatake ke biya, ko zan yi wata nawa ina yi. Ta daka mini tsawa irin wadda rabona da ji tun ina yaro. Ta ce an sallama an sallama, ciniki ya faɗa, an yi ibada da dabba, ba za ta ci kuɗin da zai sa a ce ragon layyar ƙanenta da saura a kansa ba. Ta sa aka yanka cinyar aka rarraba wa maƙwabta. Ita ko tsoka ɗaya ba ta kai baki ba, ta ce haƙoranta. Da zan tafi na ajiye igiyar a kan tabarma na yi kamar na manta. Ta biyo ni da ita har bakin babur ta rataya mini a hannu. “Taka ce, ka saya.”

Ba a daɗe ba bayan Sallah aka fara jin an sassauta, motoci sun koma bin hanyar kudu. A lakwal abokan aikina suka ce ka ga gwamnati mai jin kukan jama'a, ta ɗaure lokacin da ya dace ta kwance lokacin da ya dace. In a da ne, ni zan fi kowa faɗin haka. Na tashi na shige aji, abin ya ba su mamaki. Ihu bayan hari ne. Masu ƙarfi da suka iya riƙe dabbobinsu suna ciyarwa su suka ci ribar sassaucin, har da waɗanda suka bi ƙauyuka suka kwashe na mata a arha suka tara. Masu rago ɗaya sun riga sun fita. Har yau ban ce niyyar dokar mugunta ce ba, ni shaida ne talakan birni ya ci nama a shekarar. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne an faɗe ta saura makonni, alhali rago wata goma ake yi ana gina shi. Da an faɗa tun da kaka, da Yaya ta san irin wanda za ta ɗaure da abin da za ta kashe masa. Mu da muke tafi muna cewa dukiyar ƙasa ta tsaya a ƙasa, ba wanda ya tambayi wa ke yin dukiyar, da me kuma zai sake yin ta baɗi.

Na yi wata biyu ina tattali, na je Kundumawa na sayi 'yan balami biyu masu kyau, ban yi ciniki ba, abin da aka ce shi na bayar har mai su yana dubana. Na ɗaura wa ɗaya igiyar Innarmu, na sa su a mota har ƙofar gidan Yaya. Na ce ba biya ba ne, ba cikon ciniki ba ne, kyauta ce daga ƙane zuwa yayarsa, wannan kam ba ta da hanyar ƙi.

Ta zagaya su, ta buɗe bakin ɗaya ta duba haƙora, ta taɓa ƙashin bayansu. Na ga hannunta ya san aikinsa, na ga kuma tana so. Ta ce na iya zaɓe, ashe ban manta komai da komai ba. Sannan ta koma ta zauna, ta jawo tiren gyaɗar da take ɓarewa, ta mutane ce, ana biyanta a kan kwano.

“Auta, in na ɗaure su wata tara ina hana cikina ina ba su, wa zai faɗa mini abin da rediyo za ta ce a wata na goma? Kai da ka yi karatu, ka sani?”

Na ce ban sani ba.

“To kai ka fi ni albashi. In ta faɗi a kanka ba za ka kwana da yunwa ba. Tafi da su, igiyar ma tana wajenka.”

Haka na dawo da su Damagaram a motar da ta kai su. Na kafa turke a tsakar gidan haya, maiɗakina ta fara tara ruwan tsari a bokiti. Na koyi farashin dusa, na koyi tashi da asuba in share kashi kafin in tafi lakwal. Yaya ba ta sake ɗaure rago ba. Idan na kira, takan tambayi lafiyar yara, sannan ta ce, “Suna ci?” in ce suna ci.

Da watan layya ya sake matsowa, rediyon tana nan inda take a kan taga. Da na ji an ce ga sanarwa daga gwamnati, sai na tsinci kaina tsaye a tsakar gida da kwanon dusa a hannu, gabana yana faɗuwa.